Sabuwar Wayar Tecno Da Lissafin Masu Zuba Jari, Daga Kasuwar Shanghai Zuwa Titin Ahmadu Bello Na Jos

JOS — Duk lokacin da wani babban kamfanin ƙera wayoyin salula ya sa ranar ƙaddamar da sabuwar waya, mutane iri biyu ne kan ɗauki alƙalami su shiga lissafi tun ba a ga wayar da ido ba. Akwai masu hannun jari a kamfanin, waɗanda ke zaune a Shanghai ko Landan suna auna ko sabon samfurin zai ƙara wa kamfanin riba. Akwai kuma dillalan da za su fitar da uwar kuɗinsu su sari wayar su jera a kanta, irin waɗanda shagunansu suka cika titin Ahmadu Bello da kewayen Taminus a nan Jos. Na farkon ne jaridu ke kira masu zuba jari, amma na biyun ma jari suke zubawa, kuma idan waya ta yi kwantai ta kansu asarar kan fara.

Kamfanin da ya fi dacewa a yi nazarin wannan al'amari a kansa a Nijeriya shi ne Transsion na ƙasar Sin. Jama'a da dama ba su san wannan suna ba, alhali kuwa wayarsa ce a aljihunsu, domin shi ne mai Tecno da Infinix da itel. Wani ɗan kasuwa mai suna Zhu Zhaojiang ne ya kafa shi a shekarar 2006, bayan da ya yi aikin sayar da wayoyin kamfanin Ningbo Bird a ƙasashen waje, kuma daga shekarar 2008 kamfanin ya tattara hankalinsa a kan nahiyar Afirka, inda Nijeriya ta kasance cikin kasuwanninsa na farko. A wancan lokaci Nokia ce ke cin kasuwarta babu mai ja da ita. Abin da Transsion ya yi shi ne ya dubi damuwar mai saye. Kiran wani layi daga wani layin yana da tsada, ga kuma yawan katsewar sadarwa, sai ya fito da waya mai ɗaukar layi biyu. Wutar lantarki ba ta samuwa, sai ya ba da ƙarfi ga batir mai daɗewa. Ya gyara kyamara yadda za ta fitar da fuskar baƙar fata sosai, ya sa Hausa da Suwahili da Amharik cikin harsunan wayar, ya buɗe cibiyoyin gyara na Carlcare, sannan a shekarar 2011 ya kafa masana'antar haɗa waya a Habasha. Ya zuwa shekarar 2017 ya sha gaban Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar.

A ranar 30 ga watan Satumba na shekarar 2019 kamfanin ya shiga sashen kamfanonin fasaha na kasuwar hannayen jari ta Shanghai, wanda ake kira STAR. An sayar da kowane hannun jari a kan kuɗin Sin yuwan 35 da ɗan ɗoriya, aka tara kimanin yuwan miliyan dubu 2 da miliyan 800, wato kusan dalar Amurka miliyan 400, kuma kafin a tashi daga kasuwa a wannan rana farashin ya ɗaga da fiye da kashi 60 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne kamfanin ba ya sayar da waya a ƙasar Sin. Saboda haka waɗanda suka yi rububin sayen hannun jarin nan sun zuba kuɗinsu ne a kan aljihun mutanen da ba su taɓa gani ba, wato ɗan acaɓa a Kano da mai sayar da kabeji a Farin Gada da ɗalibar Jami'ar Jos.

Alƙaluman da kamfanin ke bayarwa duk shekara sun nuna yadda wannan aljihu ke cika yana ramewa. A shekarar 2021 ya ci ribar kimanin yuwan miliyan dubu 3 da miliyan 900. A 2022, shekarar da tsadar abinci da faɗuwar darajar kuɗaɗe suka takura masu saye a ƙasashe masu tasowa, ribar ta sauko zuwa kusan miliyan dubu 2 da rabi. A 2023 ta yi tsalle zuwa miliyan dubu 5 da rabi, daga cinikin da ya haura yuwan miliyan dubu 62. A 2024 cinikin ya kusa miliyan dubu 69, kuma cibiyar ƙididdiga ta IDC ta sa kamfanin a matsayi na huɗu a duniya wajen sayar da wayoyin komai-da-ruwanka, bayan Apple da Samsung da Xiaomi, amma ribar ta tsaya inda take ba ta motsa ba. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya wa masu jari a rai: kaya sun ƙaru, ciniki ya ƙaru, riba ta ƙi ƙaruwa.

Idan aka yi ɗan lissafi za a ga dalili. A shekarar 2023 kamfanin ya sayar da wayoyi kimanin miliyan 194, kuma kusan rabinsu ƙananan wayoyi ne masu madannai. Idan aka raba ribar shekarar a kan wannan adadi, ko da an haɗa da abin da ya samu daga wasu harkokinsa, abin da ke faɗo wa kowace waya bai wuce dala huɗu ba. Mai cin ribar dala huɗu a kan kaya ba shi da wurin juyi. Da zarar farashin kayan haɗi ya motsa, ko abokin hamayya ya rage farashi, ribar ta tafi. Wannan ne ya sa kamfanin ya ƙuduri aniyar hawa sama, ya shiga kasuwar manyan wayoyi masu tsada inda Samsung da Apple ke kwasar riba mai kauri.

Mataki mafi girma da ya ɗauka a wannan hanya shi ne na ranar 28 ga watan Fabrairu na shekarar 2023, lokacin da ya ƙaddamar da Tecno Phantom V Fold a babban bajekolin wayoyi na birnin Basalona da ke ƙasar Sifen. Waya ce da ake naɗewa a buɗe kamar littafi, kuma an sa mata farashin kimanin dala 1,100, wato ƙasa sosai da abin da Samsung ke sayar da irinta. Bayan wata bakwai ya fito da ƙanwarta V Flip, sannan a watan Satumba na 2024 ya sake fito da sababbin samfuransu. A kan wannan mataki ne ra'ayin masu jari ya rabu biyu, kuma har yanzu muhawarar ba ta mutu ba.

Masu kyautata zato suna kafa hujja da cewa mai saye ba ya dawwama a matsayi ɗaya. Yaron da ya fara da itel yana makarantar sakandare zai koma Tecno Spark idan ya shiga jami'a, ya koma Camon idan ya sami aiki, kuma idan kamfanin ba shi da abin da zai ba shi a ranar da ya yi kuɗi, to Samsung ce za ta ci gajiyar renon da wani ya yi. A ganinsu, babbar waya ko ba ta sayu da yawa ba tana ɗaga martabar sunan, ta sa mai sayen ta Naira dubu ɗari da hamsin ya ji cewa ba kayan talaka ya riƙe ba. Da wannan idon suke kallon kuɗin da Tecno ke kashewa wajen ƙawance da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Manchester City tun daga 2016, da ɗaukar nauyin gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024. Har ila yau suna nuni da cewa kamfanin na riƙe da fiye da kashi 40 cikin ɗari na kasuwar wayoyin komai-da-ruwanka a Afirka, nahiyar da miliyoyin mutanenta ba su riga sun bar ƙaramar waya ba, kuma kowace waya da ya sayar ƙofa ce ta wani cinikin, kamar manhajar kiɗa ta Boomplay da ta hada-hadar kuɗi ta PalmPay, wadda ya zuba wa jari lokacin da ta fara aiki a Nijeriya a 2019.

Masu ɗari-ɗari kuwa suna cewa suna ba ya sauya fata cikin dare ɗaya. Mutumin da ke da Naira miliyan ɗaya da rabi na sayen waya yana sayen daraja ne a idon jama'a, kuma a kasuwanninmu sau da yawa ya gwammace ya sayi iPhone da aka yi amfani da ita a Turai da ya sayi sabuwar Tecno a kwali. Bugu da ƙari, suna tsoron kada garin neman gira a rasa ido, domin yayin da kamfanin ke kallon sama, Xiaomi da wayoyinsa na Redmi, da Realme, da Samsung da jerin wayoyinta masu rahusa, duk sun sauko suna neman kasuwar da ta yi wa Transsion riga da wando. Sai kuma batun haƙƙin mallakar fasaha. Muddin kamfani na sayar da ƙananan wayoyi a ƙauyukan Afirka, manyan masu fasaha ba su cika damuwa da shi ba, amma da ya girma ya shiga Indiya da Turai sai su zo karɓar rabonsu. A watan Yuli na 2024 kamfanin Qualcomm na Amurka ya maka Transsion a babbar kotun Delhi kan wannan batu. Ko yaya irin wannan shari'a ta ƙare, kuɗin lasisi kan hau kan kowace waya ne, kuma mun riga mun ga kaurin ribar da za a cire shi daga ciki.

Kafin a yanke hukunci tsakanin ɓangarorin biyu, ya kamata a fahimci wata ɗabi'a ta kasuwar hannayen jari wadda kan rikita wanda bai saba da ita ba. Sau da yawa a ranar da kamfani ya ƙaddamar da sabuwar waya, ana tafi ana ɗaukar hoto, a ranar ce farashin hannun jarinsa ke faɗuwa. Dalili kuwa shi ne kasuwa tana ciniki ne a kan zato. Duk ɗan kasuwar hatsi a Mangu ya san farashin masara kan fara sauka tun ana ganin damina ta yi albarka, ba sai an kai sabuwar masara kasuwa ba. Haka nan masu jari kan saya tun ana raɗe-raɗin wayar, farashi ya yi ta hawa, ta yadda ranar ƙaddamarwa duk wani alherin da ake tsammani an riga an biya kuɗinsa. Abin da ya rage kawai shi ne a ga ko wayar ta kai zaton da aka yi mata.

Babu misalin da ya fi na BlackBerry fito da wannan a fili, kuma misali ne da 'yan Nijeriya suka gani da idonsu. A wajajen 2011 wayar BlackBerry ta zama alamar wayewa a ƙasar nan, har masu shirya finafinan Kudu suka yi fim a kan 'yan matan da ke haukarta. Amma a Amurka da Turai iPhone da wayoyin Android sun riga sun ƙwace mata kasuwa, sai kamfanin, wanda ke ƙasar Kanada, ya ɗora dukkan fatansa a kan sabon tsarin BlackBerry 10. Daga watan Satumba na 2012 zuwa Janairu na 2013 farashin hannun jarinsa ya ninka fiye da sau biyu, ba don an sayar da ko waya ɗaya ba. A ranar 30 ga watan Janairu shugaban kamfanin, Thorsten Heins, ya nuna wa duniya Z10 da Q10 a birnin New York. Masana fasaha da yawa sun yaba da wayoyin. Duk da haka hannun jarin ya faɗi da kimanin kashi 12 cikin ɗari a ranar, saboda an ji cewa Z10 ba za ta shiga kasuwar Amurka ba sai watan Maris, mai madannan kuma, wadda tsofaffin masoya kamfanin ke jira, sai bayan nan. A watan Satumba na wannan shekara kamfanin ya sanar da asarar fiye da dala miliyan 900 a kan wayoyin da suka yi kwantai a rumbunansa, ya kuma ce zai sallami ma'aikata 4,500. A 2016 ya daina ƙera waya da kansa.

Nokia ma ta sha irin wannan. A ranar 5 ga watan Satumba na 2012 ta nuna Lumia 920 ba tare da ta faɗi farashi ko ranar fara sayarwa ba, hannun jarinta ya zube da kimanin kashi 13 cikin ɗari a kasuwar Helsinki. Shekara guda bayan haka ta amince ta sayar wa Microsoft da sashen wayoyinta a kan kuɗin Turai yuro miliyan dubu 5 da miliyan 440. Samsung kuwa a 2016 ta yi ƙaddamarwa mai armashi da Galaxy Note 7, sai batir ya riƙa kamawa da wuta, ta janye wayar baki ɗaya a watan Oktoba, abin da ya ci mata fiye da dala miliyan dubu 5. Samsung ta tsira saboda tana da wasu sana'o'in da za ta jingina da su. A dukkan misalan nan abin da masu jari suka tambaya ɗaya ne: nawa ne, yaushe za ta iso, wa zai saya, kuma nawa zai rage bayan an cire kuɗin ƙera ta.

Ga Transsion, amsar tambayar wa zai saya tana wurare irin su Jos, kuma a nan ne Naira ta shigo cikin maganar. A ranar 14 ga watan Yuni na 2023, wata uku da rabi bayan bikin Basalona, Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a hukumance ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kuma ya zuwa watan Fabrairu na 2024 ta wuce 1,500. Wayar da ake shigo da ita a kan dala 100, wadda a tsohon canji ba ta wuce Naira dubu 46 ba, ta koma dubu 150 tun kafin a sa kuɗin kwastan da na mota da ribar dillali. An janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, hauhawar farashin kaya ta kusa kashi 35 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, sannan a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira dubu 30 zuwa dubu 70 a watan Yuli na 2024. A canjin 1,500, wayar dala 1,100 ta kama Naira miliyan 1 da dubu 650, wato albashin kusan shekara biyu na ƙaramin ma'aikaci, ba ci ba sha.

A ra'ayin wannan marubuci, a kasuwa irin ta Jos masu ɗari-ɗari sun fi kusa da gaskiya dangane da wayar mai naɗewa ita kanta, amma masu kyautata zato ba su yi kuskure ba dangane da buƙatar babbar waya gaba ɗaya. Jos gari ne na ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar kayan gwari. Ga jami'a, ga Kwalejin Talabijin ta NTA, ga Cibiyar Koyon Shirya Finafinai ta Ƙasa, saboda haka akwai matasa masu yawa da kyamarar waya ta zame musu kayan aiki. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin sauya fasalin Naira, ya tilasta wa masu sarin dankalin Turawa daga Bokkos da masu tumatir a Farin Gada koyon karɓar kuɗi ta waya, kuma wanda ya saba da hakan ba ya komawa baya. Buƙata tana nan. Abin da babu shi ne kuɗin da za a biya ta da shi a lokaci guda, shi ya sa tsarin sayen waya a biya kaɗan-kaɗan ya bazu a shaguna, ko da yake wasu masu saye na ƙaurace masa saboda kuɗin ruwan da ke ciki. Ƙaddamarwar da ke motsa kuɗi a titin Ahmadu Bello ita ce ta sabuwar Spark ko Camon ko Infinix Hot, wadda ba a cika kai labarinta shafin farko ba.

Yanzu a dubi lissafin dillalin. A ɗauka, a matsayin misali, ya sari sabuwar waya ta Naira miliyan 10 daga kasuwar Computer Village ta Ikeja ko Farm Centre ta Kano, yana sa ran ribar kashi 5 cikin ɗari, wato Naira dubu 500. A watan Nuwamba na 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27 da rabi cikin ɗari, wanda ke nufin a wancan lokaci bashin banki ga ƙaramin ɗan kasuwa ba zai gaza kashi 30 a shekara ba, ko kashi 2 da rabi a wata. Idan da bashi ya yi sarin, kayan suka yi wata biyu a kanta, ribar ta ƙare a kuɗin ruwa. Idan da kuɗinsa ne, to ya hana su juyawa a wani cinikin. Waya kuma ba atamfa ba ce da za a ajiye ta shekara. Ranar da aka sanar da wadda za ta gaje ta, darajarta ta ragu, kuma kamfanonin Sin kan sabunta samfuransu aƙalla sau ɗaya a shekara. Wato bikin ƙaddamarwar da ke faranta ran mai hannun jari shi ne ke karya farashin abin da dillali ya riga ya tara.

Canjin kuɗi kuma takobi ne mai kaifi biyu. Kowa ya san wahalar da faɗuwar Naira ke jawowa, amma farfaɗowarta ba zato ma tana yanka. A watan Afrilu na 2024 Naira ta yi ƙarfi har dala ta sauko kusa da 1,100, kafin ta sake komawa wajen 1,500 a watan Mayu. Wanda ya cika shagonsa a watan Fabrairu ya wayi gari maƙwabcinsa na sayar da irin kayansa ƙasa da yadda shi ya saro. A kan wannan sai a ƙara abin da ya keɓanta da Jos. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone tun watan Fabrairu na 2002, 'yan kasuwa suka watsu a tituna da ƙananan rukunan shaguna, kuma duk lokacin da aka sa dokar hana fita, kamar ta sa'o'i 24 da aka yi a Jos ta Arewa a watan Agusta na 2021, kaya na kulle kuɗin ruwa na tafiya. Mai jari a Shanghai zai iya sayar da hannun jarinsa cikin minti ɗaya. Mai kwali hamsin na waya a shago ba shi da wannan gata.

Shekarar 2025 ta ƙara wa masu ɗari-ɗari ƙarfin gwiwa. A watanni shida na farkonta ribar Transsion ta faɗi da fiye da rabi idan aka kwatanta da na shekarar 2024, cinikinsa ma ya ragu. Ban da matsin lambar abokan hamayya, akwai tsadar ƙananan na'urorin adana bayanai da ake sa wa waya, waɗanda farashinsu ya yi ta hawa saboda kamfanonin da ke ƙera su sun karkata ga manyan cibiyoyin kwamfuta masu aikin ƙirƙirarriyar basira, inda riba ta fi tsoka. A babbar waya mai tsada wannan ƙari kan ɓace cikin riba. A wayar dala 80 kuwa babu inda zai ɓuya, dole ko kamfani ya haɗiye shi ko ya ɗora wa mai saye. Abin mamaki shi ne wannan matsala ita ce kuma babbar hujjar masu cewa dole kamfanin ya hau sama, tun da zama a ƙasa ya zama zaman jiran abin da wasu za su yanke.

Akan yi tambaya a tarukan 'yan kasuwa ko me ya hana a ƙera wayar a gida a huta da dala. Jos na da dalilin jin zafin wannan tambaya fiye da kowane gari, domin da kuza ake liƙe sassan da ke cikin kowace waya, kuma kuza ce ta gina garin kafin kasuwarta ta duniya ta durƙushe a 1985. Amma gwajin da aka yi a wasu wurare bai ba da ƙarfin gwiwa ba. A watan Oktoba na 2019 kamfanin Mara ya buɗe masana'antun waya a Kigali ta Ruwanda da Durban ta Afirka ta Kudu, shugabannin ƙasashen biyu suka halarta, aka yi ta yabo. Wayoyin sun fi na Tecno tsada, kuma ya zuwa 2022 masana'antar Durban ta tsaya har masu bin bashi suka sa ta a kasuwa. Haɗa waya a gida ba ya kawar da dala, tun da gilashi da batir da ƙwaƙwalwar duk daga waje za a sayo su, kuma mai sayen sassa dubu ɗari ba zai sami farashin mai sayen miliyan ɗari ba.

Ga ɗan kasuwar da ke son cin moriyar wannan harka ta hanyar hannun jari, Transsion ba ya cikin kasuwar hannayen jari ta Legas, kuma sashen STAR ko ga 'yan ƙasar Sin yana da sharaɗin mallakar kadarar yuwan dubu 500 da gogewar shekara biyu. Hanyar da ke kusa ita ce ta kamfanonin sadarwa, tun da kowace sabuwar babbar waya mai shan data ce. MTN Nijeriya ya shiga kasuwar Legas a watan Mayu na 2019 a kan Naira 90 kowane hannun jari, Airtel Afirka ya biyo baya a watan Yuli. Sai dai su ma Naira ba ta ƙyale su ba, domin MTN Nijeriya ya bayyana asarar Naira miliyan dubu 137 a 2023 da kimanin miliyan dubu 400 a 2024, galibi saboda basussukan da ke kansa na dala, duk da cewa masu amfani da data ƙaruwa suka yi.

Manazarta a manyan kasuwanni suna bambanta adadin wayoyin da kamfani ya tura wa dillalai da adadin da ya isa hannun masu saye, kuma sun san cewa alƙaluman watanni ukun farko na kowace ƙaddamarwa na farkon suke nunawa. Na biyun ba ya bayyana sai an ga ko dillalai sun koma sari karo na biyu, ko kuwa kamfani ya fara rage farashi yana haɗawa da kyautar abin sauraro da batirin caji. Wannan labari kan isa ofisoshin Shanghai ne bayan wata uku ko shida, cikin rahoton kuɗi. Dillalin Jos yakan san shi tun a mako na uku, daga yawan masu shigowa su tambayi farashi su juya, da kuma yawan masu kawo tsohuwar waya Carlcare a sauya mata gilashi maimakon sayen sabuwa, musamman a watannin da ke tsakanin kakar dankali da hidimar Kirsimeti.